Famfon Gidan Injiniya

"Kashe wayar nan," in ji Injiniya. "Ba gidan rediyo muke ba."

Ƙarama ta kashe. Ƙarar babban injin tura ruwa, wadda ta ɗauko masa a waya, ta yanke. Ɗakin ya koma yadda ta same shi: fanka na juyawa a hankali, kwalaben magani a kan kujera, ga ɗigar famfo cikin bokitin ƙarfe a tsakar gida, dab da taga.

"Baba, so nake ka ji yadda yake kuka."

"Na ji waya tana kuka. Kin taɓa shi?"

"Na taɓa. Boris ɗin baya ya fi jiya zafi. Ba na iya barin hannuna a kai."

"To."

Ya lumshe ido. Ya rame har agogon hannunsa ya zame zuwa gwiwar hannu, amma muryar ba ta canza ba. Ita ce dai muryar da ya riƙe sashen injiniyoyi na ma'aikatar ruwa da ita tun Ƙarama tana makaranta. Lokacin da ta fara aiki a ƙarƙashinsa ma'aikata suka sa mata Ƙaramar Injiniya, daga baya suka gajarta. Yanzu 'ya'yanta uku, furfura ta soma leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ita ce mataimakiyarsa, sunan kuwa bai sake ta ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da nasa a rukunin gidajen ma'aikata, can kan tudu. Tun da likitoci suka ce a koma da shi gida, ita ke riƙe da sashen.

"Ke me kike so ki yi?" ya tambaya, idonsa a rufe.

Ta shimfiɗa masa maganar yadda ya koya mata, a tsaye, babu kwana-kwana. In aka kashe babban inji don a canza boris, zoben ƙwallayen nan da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ƙaramin ne kawai zai rage, shi kuwa ba ya iya hawar da ruwa unguwannin tudu. Rabin gari zai yi kwanaki babu ruwa, ga zafi. In ba a kashe ba kuma boris ɗin ya kama, zai lanƙwasa sandar ƙarfen da ke juya injin, babu irinta a sito. Sannan ƙarshen mako hukumar gudanarwa za ta zo, a zaman ne za a tabbatar da wanda zai gaji kujerar sashen. Manaja ya ce kada wanda ya taɓa komai sai sun tafi.

"Duk wannan abin da kika gani ne. Na tambaye ki abin da kike so ki yi."

"Shi ne na zo in ji naka."

Ya buɗe ido. "Duba mara lafiya kika zo, ko ofis?"

"Duka biyun."

"A nan ni maƙwabcinki ne. Maƙwabci ba ya kashe inji."

Matarsa ta shigo da kofin ruwan ɗumi. Malama ake kiranta a rukunin, don ta yi ritaya ne daga koyarwa, kuma har yanzu da muryar aji take magana.

"'Yar nan, ɓata bakinki kike yi. Mutumin da ko gishiri ya yi yawa a girki ba zai faɗa ba, sai ya ce, ke me kika ji? Ni ma haka ya aure ni, da tambaya."

"Kin kuma ba da amsa daidai," in ji Injiniya.

"Ka ji shi. Shekara da shekaru, yau ne ya duba min takardata."

Ya yi wata dariya da ta ƙare a tari. Malama ta tallafo kansa, ta ba shi ruwan. Ƙarama ta ɗan jira, ko bayan tarin wata kalma za ta fito. Babu abin da ya fito.

A tsakar gida ta tsaya ta dubi famfon. Ɗigo na faɗawa bokiti a jere, kamar bugun agogo.

"Mama, famfon nan naku yana ɗiga. In turo a canza masa roba?"

"Taɓa shi ki gani. Shi ya ce a bar shi haka tun ran da muka dawo daga asibiti. Tagar nan ma ya hana a rufe, ko sauro zai cinye mu. In bokitin ya cika sai in ba shukokina."

Ƙarama ta girgiza kai. Wannan mutumin ne ke tsayar da mota a titi in ya ga bututu na tsiyaya, ba ya tafiya sai an zo. Ta ɗauka ciwo ne ya fara taɓa masa tunani. Ta yi sallama ta wuce aiki.

Duk wanda ya yi aiki da Injiniya ya san yadda yake so. In ka zo masa da matsala, labari tukuna, gaisuwa daga baya. Sababbin ma'aikata kan ɗauka rashin tarbiyya ne, har su ga yadda yake tambayar lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya in an gama maganar, har da sunan wanda ke fama da haƙori. Ba ya son "wai", ba ya son "an ce". In ka ce masa an ce, sai ya tambaye ka ko shi An ɗin yana da lambar ma'aikaci. Kujerun baƙi na ofishinsa ya aika da su ɗakin masu gadi. Taro kullum da safe ne, a tsaye, cikin ɗakin injuna, inda dole mutum ya ɗaga murya ya kuma taƙaita. Mafi ƙanƙanta a muƙami shi ke fara magana, shi kuma a ƙarshe, in ma ya yi. Wanda ya ɗaure inji shi ke kunna shi. Wanda ya ce a kashe shi ke danna maɓallin da yatsansa.

In aiki ya ɓaci, shi kaɗai yake hawa bene ya amsa, ba a taɓa jin ya kai sunan wani sama ba. In aiki ya yi kyau kuwa, ba ya cewa komai. Abin da yake yi shi ne ya juya baya ya fita, ya bar ka da injin, ya je famfon waje ya wanke hannu. Ma'aikata sun san wannan fitar. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna jiranta. Ƙarama ta samu sau da dama a ƙananan ayyuka, amma a manyan hukunce-hukunce kullum yana tsaye a bayanta, hannuwansa a goye, tana jin numfashinsa.

Ta sa hular kwano ta shiga ɗakin injuna. Mutanenta na tsaye a da'ira, a inda suka saba. Babban inji na ruri a gefe, cikin rurin kuma akwai wata siririyar ƙara da ke zuwa tana komawa.

Mai lantarki ya faɗi nasa: wutar da injin ke ja ta ƙaru. Mai kula da tankuna ya ce na asibiti ya kusa rabi. Aka zagayo kan Dogo, babban makaniki, wanda ya girme ta, ya kuma koya mata riƙon sifana a makonta na farko.

"Na ƙara masa giris da asuba, ya sha kamar mai ƙishi, bai huce ba." Ya goge hannu da tsumma. "Ƙarama, kin leƙa Tsoho? Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ku."

Aka kwashe da dariya.

"Wallahi ƙarya ne," in ji Dogo. "Tsoho bai taɓa gaisuwa kafin labari ba. Faɗa mana gaskiya, ya ce a kashe?"

"Bai ce komai ba."

Dariyar ta mutu. Suka dubi juna, suka dubi injin. Ba wanda ya dube ta, ta kuma lura da hakan.

Ta ƙarasa wajen boris ɗin ta ɗora tafin hannu. Ta cire da sauri. Ta sake ɗorawa a ɗan gaba, inda zafin bai kai ba, ta bar girgizar ta hau mata har kafaɗa. Tambaya ta uku da Injiniya kan yi, bayan kin taɓa da me kike so ki yi, wadda bai yi mata ba yau, ita ce: in ya ɓaci me za ki yi? Ta yi wa kanta. In ta kashe aka buɗe aka ga boris lafiya lau, ta busar da rabin gari a banza, kujerar ta tafi. Wannan za ta iya ɗauka, da kunya da komai. In ta bari ya kama, sandar ta lanƙwashe, ba ta da abin da za ta yi sai rubuta takardu da jiran kaya daga waje wata da watanni. Wannan ba ta da amsarsa.

Ta juyo. "A cika tankin asibiti da na makarantu yanzu, a ba su duk abin da za a iya. A kira direbobin tankokin ruwa. A kai sanarwa rediyo, unguwannin tudu su tara ruwa kafin azahar. Dogo, ka fito da sabon boris daga sito, ka duba shi da idonka, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Bayan azahar zan kashe."

"Manaja fa?"

"Ni zan hau."

Ofishin Manaja na da kafet da na'urar sanyaya ɗaki. Ta tsaya a bakin teburi da takalmanta na aiki.

"Yallaɓai, bayan azahar zan kashe babban inji. Unguwannin tudu za su rasa ruwa kwana biyu zuwa uku."

Ya cire tabarau. "Ba ko gaisuwa?"

"Ina kwana, Yallaɓai."

"Cutar nan ta maigidanku ta kama ki ke ma. Zauna."

Ba ta zauna ba. Manaja ba mugun mutum ba ne, ta san wannan. Shi ne wayarsa ba ta hutawa in famfo ya bushe, shi ake zagi a rediyo da muƙaminsa.

"Injin nan tun zuwana yake kuka," ya ce. "Kwana nawa ya rage? 'Yan hukuma su zo, su ga ruwa na gudu, su sa hannu a takardarki, su tafi. Ranar da suka tafi ki kashe, ni zan riƙe miki tocila. Taimakonki nake yi."

"Na sani. Ba zai kai ba."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Hannuna ya ce ba zai kai ba, ma'aunin wuta ma ya ce haka."

"Hannunki." Ya jingina da kujera. "Shi Injiniya me ya ce? In shi ya ce, ba ni da ta cewa."

Hanya ce a buɗe. Kalma biyu kawai za ta faɗa, "ya ce", kuma babu mai zuwa gadon mara lafiya ya bincika.

"Bai ce komai ba. Ni na ce."

Manaja ya daɗe yana kallonta. "To ki sani, in hukuma ta tambaya, sunanki zan faɗa. Ba zan ce sashe ba."

"Daidai ne, Yallaɓai. A gaida gida."

Bayan azahar ta tsaya gaban allon maɓallai. Aka rufe bawul, makullin bututun, a hankali, ta danna jan maɓallin da yatsanta. Rurin ya sauka, ya sauka, ya tsaya. Ƙaramin inji kaɗai ya rage yana aiki a can ƙarshen ɗaki. Kunnuwan kowa suka yi wani iri, kamar an fito daga cikin ruwa.

"Allah ya ba mu sa'a," in ji Dogo, ya durƙusa da sifana.

Kwance murfin ya ci lokaci. Wani ƙusa ya ƙi, sai da aka gasa shi. Boris ɗin ya manne wa sandar, suka ɗaura abin ja, suka bi shi a hankali. La'asar ta wuce kafin ya saki. Dogo ya ɗora shi a kan tsumma, ya juya shi da yatsa. Zoben ciki ya tsage daga baki zuwa baki, ƙwallayen sun yi shuɗi saboda zafi, biyu sun farfashe. Ya shafa sandar da tafin hannu, ya sa ma'auni, ya sake shafawa.

"Sandar lafiya lau." Ya ɗago. "Wannan ko gobe ba zai kai ba."

Ba wanda ya yi tafi. A sashen ba a saba ba. Ƙarama ta dafa bututu. Tana tunanin yadda za ta kai boris ɗin gidan maƙwabcinta a cikin leda, ta ajiye masa a kan kujerar magani ba tare da ta ce komai ba, sai wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, daga gida.

Bai yi sallama ba, bai tambayi aiki ba. "Baba ya rasu," ya ce. "Yanzun nan, bayan la'asar. Za a kai shi kafin magariba."

Ta yi salati a hankali. Ta ce to. Ta mayar da wayar aljihu, ta juya ga mutanenta.

"Injiniya ya rasu. Za a kai shi kafin magariba."

Dogo ya zauna a ƙasa, a kan simintin da ya sha mai. Ba ta taɓa ganin wani zaune a ɗakin nan ba. Mai lantarki ya cire hular kwanonsa ya riƙe a ƙirji. Aka yi ta salati. Injin na buɗe a tsakaninsu, sabon boris na cikin kwalinsa, gari kuwa babu ruwa.

"Ku wanke hannu ku tafi ku raka shi," ta ce. "Duk ku tafi. A bar min mai kula da ƙaramin inji kawai."

Dogo ya dube ta da jajayen idanu. "Da shi ne ba zai bar mu ba. Ba a barin inji a buɗe."

"Ba shi ba ne. Ni zan tsare. In kun dawo daga maƙabarta ku ci abinci, ku huta, gobe da sassafe a ɗora."

Suka tafi a motar sashen, da kayan aikinsu a jiki. Ta naɗe hannun riga, ta wanke sandar da kananzir, ta goge gidan boris ɗin har ya yi ƙyalli, ta jera ƙusoshi a tire bisa tsarin da aka kwance su. Ta lulluɓe komai da tsumma mai tsabta. Ta yi aikin a natse, ba ta tsallake komai ba. Sau ɗaya ta tsaya ta goge fuska da gefen hannu, ta ci gaba.

Bayan magariba ta isa rukunin. Daga bakin ƙofar Injiniya har tsakar gida bokitai ne da jarkoki a jere, kowanne da launinsa, wasu da alamar gidan da suka fito. Maigidanta ya tare ta ya gaya mata a taƙaice: da aka zo wanka babu ɗigo a famfo, sai maƙwabta suka yi ta kawo abin da suka tara, har ya yi yawa.

Mata na zaune a tabarmi. Tana cire takalmi ta ji wata daga can ciki tana cewa, "Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana ba gari ruwa, ran da ya mutu a rasa na wanke shi a famfon gidansa. Ko waye ya kashe injin nan, ai da ya jira."

Wata ta zungure ta. Maganar ta tsaya. Ƙarama ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da mai maganar, ta wuce ɗaki.

Malama na zaune a bakin gadon da aka riga aka cire wa zanin shimfiɗa. An kwashe kwalaben magani. Tagar a rufe take.

"Mama, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, 'yar nan. Zo nan. Kin ci wani abu? Dubi hannunki."

Ƙarama ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. "Ni na kashe injin, Mama."

"Na sani. Shi ma ya sani." Malama ta gyara mayafi. "Bayan fitarki bai yi barci ba. Ido biyu, kunne a taga. In na yi magana sai ya ɗaga min hannu. Na ce, wai me kake saurare ne haka? Ya ce, aiki. Da rana ta take ya ce min ɗigon ya ƙara sauri, ana cika tankuna ke nan. Ni ban ji wani bambanci ba. Can bayan azahar sai ya ce, Malama, leƙa min famfon nan. Na leƙa, na ce ya ɗauke. Ya ce, buɗe shi duka. Na buɗe, sai iska. Ya ce, ta kira? Na ce ba ta kira ba. Ya ce, ta aiko? Na ce ba wanda ya zo."

Ta murza zoben yatsanta.

"Sai ya ce, to, rufe tagar. Tagar da ya hana ni taɓawa tun dawowarmu. Na rufe. Ya ce in juya shi ya fuskanci bango. Na juya shi. Ya yi barcinsa, irin wanda bai yi ba da daɗewa. Da na zo ta da shi la'asar ya ɗan buɗe ido, ya yi kalmar shahada, shi ke nan." Ta dubi Ƙarama. "Ban sani ba ko fushi ya yi da aka ɗauke ruwan. Kin san shi, ba ya faɗa."

Ƙarama ta dubi tagar, ta dubi bangon da ke gefen gadon, inda fentin ya ɗan goge.

"Ba fushi ba ne, Mama."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Washegari ta aika wa Manaja tsohon boris ɗin a cikin tire, ba ta haɗa da takarda ba. Ya sauko da kansa ɗakin injuna, abin da bai cika yi ba, ya yi wa ma'aikata ta'aziyya, ya tsaya yana kallon tsagar. Ya ce zai ajiye shi a kan teburin taro ran da hukuma ta zo. Bai ce komai a kan kujera ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wayarsa na ta ƙara a aljihu har ya fita.

Ɗaurin ya ɗauki yini guda da safiyar da ta biyo. Sabon boris ya zauna, aka daidaita injin da sandarsa, aka kwance aka sake daidaitawa don Dogo bai gamsu ba. Da hantsi ya ɗaure ƙusa na ƙarshe, ya miƙe yana dafe da ƙugu. Mutane suka taru a da'ira. Ya matsa gefe, ya nuna mata allon.

"Bismillah."

"Wa ya ɗaure?" ta tambaya.

Ya yi ɗan murmushi, ya goge yatsansa a riga, ya danna koren maɓallin. Injin ya ɗauka, rurin ya hau ya daidaita. Aka buɗe bawul a hankali, allurar ma'auni ta tashi ta tsaya inda ya kamata. Siririyar ƙarar nan babu ita. Ƙarama ta ɗora hannu a gidan boris ɗin, ta bar shi a kai. Ta dubi Dogo, wanda ya kafa kunne yana bin injin daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ta juya ta nufi ƙofa.

"Injiniya!" ya ɗaga murya a kan rurin. "Ba za ki tsaya ki ga ya yi awa ɗaya ba?"

Ba ta waiwayo ba. Ta ɗaga masa hannu, ta fita, ta wanke hannuwanta a famfon waje.

Ruwa ba ya isa tudu nan take. Sai ya cika manyan bututu, ya kori iska, ya bi unguwa-unguwa. Rana ta karkata kafin ta koma rukunin. Masu gaisuwa sun ragu, an mayar wa kowa da bokitinsa. Malama na zaune a kan kujera a tsakar gida, kusa da shukokinta da suka fara langaɓewa. Bokitin ƙarfen na nan a ƙarƙashin famfo, a bushe, famfon a buɗe yadda aka bar shi.

"An kunna, Mama," in ji Ƙarama. "Yana hanya. Ina wuni?"

"Ke ma kin koma labari tukuna." Malama ta jawo mata kujera. "Lafiya lau. Zauna."

Suka zauna. Daga can gangare aka fara jin hayaniyar yara da ƙarar robobi. Famfon ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, ya tofar da jan ruwa a gindin bokitin. Sannan ya zubo sosai, ja, ya koma fari. Ƙarar ƙarfen ta cika tsakar gidan, tana yin ƙasa-ƙasa yayin da ruwan ke hawa.

Malama ta yunƙura za ta tashi ta rufe.

"Bari ya cika, Mama."

Ta koma ta zauna. Suna kallo ruwan ya kai bakin bokitin, hoton rufaffiyar tagar na rawa a kansa.